Shinkafar Mai Faci

Mu biyu uwarmu ta bari a duniya, ni da ƙanena. Ni ce babba, shi ne auta, waɗanda ke tsakaninmu duk ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana. Shi ma autan da ƙyar ya tsallake. Shan inna ya kama shi yana rarrafe, ya bar masa ƙafar hagu a shanye, sai da sanda yake tafiya. To, a garinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, namiji da ƙafarsa yake cin abinci. Tun da aka haƙa kanal aka sako mana ruwa rani da damina, abincin kowa a cikin taɓo yake. Mai dashen shinkafa taɓo har gwiwa, mai ban ruwan tumatir taɓo, mai albasa taɓo. Sanda kuwa ba ta tsayuwa a taɓo, nutsewa take yi.

Saboda haka ƙanena bai taɓa zama manomi ba. Garin namu can ciki yake, gonaki sun kewaye shi, hanya ɗaya ce tal take fitar da mu, ta bi bakin kanal ta yi ta tafiya har ta haɗu da kwalta. A wannan mahaɗar ya kafa rumfa, ya gina ɗan ɗaki a bayanta, ya zauna yana facin kekuna. Kwanci tashi kekuna suka ja baya, babura suka cika gari, shi ma ya koma facin babura. Ya samu injin iska, ya samu rabin durom da yake cikawa da ruwa yana tsoma robar ciki don ya ga inda take fitar da kumfa, ya samu ƙarafansa na ɓamɓare taya. Shi ke nan, ya zama mai facin garinmu.

Ku da kuka taso yanzu ba lalle ne ku san yadda ake biyan irinsu ba. A da, manomi ba ya biyan maƙeri ko wanzami a hannu. Maƙeri ya yi maka fartanya, ya gyara maka lauje, wanzami ya yi ta yi maka aski shekara ta zagayo, sai in kaka ta yi ka ɗauki dami ka kai masa har gida. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce, guminsa ne. Da ƙanena ya fara faci, dattawan gari suka sa shi a wannan sahu, don sun san ba shi da gona. Baƙo mai wucewa a titi shi ne ke biya a hannu. Amma ɗan gari, duk sanda ƙaya ta huda masa taya, sai ya turo babur rumfa, a yi masa faci, ya ce, “Allah ya kai mu girbi,” ya hau ya tafi. In an yanke shinkafa an buge, sai ka ga ana ta sauke masa, wannan buhu, wancan rabin buhu, marar ƙarfi ya zo da ƙwarya. Da wannan shinkafar ya yi aure. Da ita ya ciyar da matarsa har Allah ya karɓi abarsa, da ita ya aurar da ’yarsa guda ɗaya zuwa Kumbotso. Har ni da mijina ke da gona yakan aiko wa, wai in ɗanɗana, tasa ta fi tamu daɗi tunda ta gonar kowa ce.

Sai ɗana. Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Haka aka tashe mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a shigar masa faɗa ko da a gabanka ake yi. In ina da magana da shi, matarsa nake faɗa wa ta kai, shi ma ta nan amsa take dawo mini. Sakewar da bai samu a wurina ba, a wurin kawunsa ya same ta. Da mahaifinsa ya rasu gona ta dawo hannunsa, ya sayi babur yana jigilar kwandunan tumatir zuwa kasuwar bakin titin Zariya, kuma ba ya wuce rumfar nan bai tsaya sun taɓa hira ba. Kowace kaka buhunsa ne yake fara isa.

Ana nan ana nan, matarsa ta samu ciki bayan an daɗe ana jira. Ranar da naƙuda ta tashi da rani ne, tumatir ya nuna, maza duk suna wajen ɗiba da kai wa kasuwa. Tun hantsi ungozoma take fama, can ta fito tana share gumi ta ce mini, “Wannan ya fi ƙarfina. Ta ƙafa yake tahowa. Ku kai ta asibiti Kura.”

Muka hau babur mu uku, ɗana a gaba, ita a tsakiya, ni a baya na rungume ta. Mun yi nisa, gari ya ɓace a bayanmu, kwalta kuma ba ta bayyana ba, sai na ji babur ya fara rawa a ƙarƙashinmu. Tayar baya ta sace. Ƙayar bagaruwa ce, irin rassan da manoma ke sarewa su yi shinge saboda shanu, wani reshe ya faɗo kan hanya. Ya gwada ci gaba a haka. Duk ramin da muka faɗa sai yarinyar ta yi ƙara, ga taya tana neman fita daga wili. Ya tsaya. Muka sauke ta a gindin wani mangwaro. Ya kira wannan a waya, ya kira wancan, duk suna can kasuwar tumatir. Ya duba gabas ya duba yamma, rana tsaka, babu kowa sai ruwa yana wucewa a kanal. Sai ya kama ƙahon babur ya tura shi da gudu ya nufi rumfar kawunsa.

Wata Bafillatana mai tallan nono ce Allah ya jefo mana. Ta sauke ƙwaryarta, ba ta tambayi komai ba, ta kwance mayafinta ta yi mana labule. Ni da ita muka yi abin da muka iya. Ƙafafu suka fito, jiki ya fito, kai ya tsaya. Na yi addu’a duk wadda na sani, ita ma tana yi da yarensu. Sanda kan ya fito babu sauran numfashi. Namiji ne, cikakke, da gashinsa baƙi wuluk.

An gaya mini daga baya cewa ƙanena bai taɓa yin faci da sauri irin na ranar ba. Amma hanya hanya ce, sai an je sai an dawo. Da ɗana ya iso ya ga abin da ke naɗe a zanena, ni ban dube shi ba. Ya ɗauki matarsa ya wuce asibiti da ita, Allah ya sa tana da sauran kwana. Ni kuma na goya jaririn a bayana kamar mai rai, na juya gida a ƙasa. Bafillatanar ta raka ni har bakin gari, sannan ta koma ɗaukar ƙwaryarta.

Da tumatir ya ƙare, ɗana ya sayar da ragon da aka ajiye don suna, ya shiga birni, ya dawo da wani abu a buhu. Daga ƙofar ɗakina na hango shi yana zazzagewa a tsakar gida. Wani ƙarfe ne mai ƙafa uku da ake naɗewa a buɗe, da sanda a tsakiya inda ake ɗora wilin babur a ɗaure. Akwai wani dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, in an sa shi a gefen taya aka zagaya sai ta ɓamɓaru kamar ɓawon rogo. Ga ɗan famfon iska na ƙafa, ga gwangwanin gam, ga ’yan robobin faci. Ya cire tayar babur ɗinsa lafiyayya ya mayar, ya sake cirewa ya mayar. Haka ya yini, kashegari ma haka, har hannunsa ya farfashe.

Matarsa ta shigo ɗakina ta zauna ta ce, “Inna, ya ce shi da tura babur har abada.”

Na ce, “Allah ya tsare gaba.” Me zan ce? Ni ma ina gindin mangwaron nan.

Ba da niyyar sana’a ya saya ba, wannan zan iya dafa Alƙur’ani a kai. Don kansa ya saya, ya ɗaure a bayan sirdi, duk inda za shi da shi. Amma hanyar kanal ba ta rabo da ƙaya. Yau ya tarar da wani yana tura babur da kwanduna, ya tsaya ya kafa ƙarfensa ya yi masa faci a nan take. Gobe wani. Ba ya karɓar komai, ko godiya ba ya tsayawa ji. Kan a jima kowa ya san lambarsa, in taya ta sace a cikin gonaki shi ake kira, kuma bai taɓa cewa a’a ba. Da samari suka ga abin da sauƙi, wasu suka haɗa kuɗi suka sayo nasu. Wa zai tura babur cikin rana ga gyara a gindinsa? Su ne suka raɗa wa ƙarfen suna, wai kawun buhu. Ka ji suna cewa, “Kai, ka taho da kawunka kuwa?” a yi dariya a wuce.

Baƙin titi kuwa tuni wasu yara masu rumfa kusa da gidan mai suka kwashe su, su ne mai tafiya ke fara gani. Ƙanena ya koma yini a zaune, ruwan durom ɗinsa har kore yake yi ba a tsoma komai ba.

Da damina ta yi nisa, shinkafa ta fara ciki, sai ga shi a gidanmu, wani ya rago masa hanya. Ya daɗe bai shigo gari ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, ya jingine sandarsa.

Ya ce, “Yaya, ashe na samu ƙani ba ki gaya mini ba.”

Na ce, “Wane ƙani kuma, Auta, uwarmu ta daɗe a ƙasa?”

“Kawun buhu mana. An ce ba ya ci, ba ya sha, ba ya tashi sallah, ba ya jiran girbi. Ni ma da ni ne shi zan zaɓa.”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Can ya sauke murya ya ce, “Ban ce ya jefar ba. Na san abin da ya gani, ni na yi facin ranar. Ya riƙe abinsa ya yi wa kansa. Amma ya bar mini sauran mutane. In ban yi musu aiki ba, me za su kawo mini in an yanke shinkafa?”

“Ka san ba na magana da shi.”

“To ki aika.”

“Kai me zai hana ka faɗa masa? Ai ɗanka ne, kun fi kusa.”

Ya ce, “In na faɗa da bakina roƙo ne. In ke kika faɗa umarni ne.”

Na aika. Na kira matar ɗana na ba ta saƙon, ita da ta kwanta a bakin kanal ɗin nan, ita na ɗora wa. Ta saurara kanta a ƙasa, ta tashi ta tafi. Kashegari da ta kawo mini koko ta tsuguna ta ce, “Inna, ya ce a ba kawu haƙuri. Ya ce in ya ga mutum a tsaye a hanyar nan, ta yaya zai san ba wata ce ke jiransa a gindin bishiya ba?” Sannan ta ƙara da cewa, “Ni ma, Inna, saƙon kawai na kai. Ban iya ce masa ya bari ba.”

Wannan amsar na aika wa ƙanena yadda ta zo, ban rage ba, ban ƙara ba.

Kaka ta yi. Shekarar shinkafa ta yi kyau, duk inda ka juya ƙarar bugu kake ji a jikin durom. Tun rasuwar matar ƙanena ni nake zuwa in taya shi karɓar kaya lokacin girbi, in share ɗaki, in jera duwatsu da katako inda za a ɗora buhuna saboda gara. Bana ma na je na share, na jera. Muka zauna a rumfa muna kallon hanya. Babura suna ta fitowa daga gonaki da buhuna a ɗaure, su zo daidai mu su rage gudu su ce, “Sannu kawu! Sannu Inna!” su hau kwalta su wuce. Ba wanda ya yi masa laifi. Wanda ba ka yi wa aiki ba, ba ka da dami a gonarsa, haka abin yake tun kakanni. Wasu dattawa masu tsofaffin kekuna su ne suka zo da ’yan ƙorai, suka juye, suka zauna suka yi ta zagin zamani, suka tafi. Duk abin da aka tara bai rufe gindin buhu ba.

Ran nan da la’asar sai ga ɗana, da babban buhu a bayan babur. Na ja mayafina na koma gefe na ba su baya, amma kunnena yana wurin. Ya sauke buhun da ƙyar, ya durƙusa.

“Kawu, barka da yamma. Ga na bana.”

“Na me?”

“Na girbi, kamar kullum.”

“Kullum ina yi maka aiki. Bana wace taya na taɓa maka?”

Ya ce, “Ka yi mini, kawu. Ranar nan.”

“Wannan ba na cin ladanta.”

“To ka karɓa don ni ɗanka ne.”

“Sadaka ke nan. Ga masallaci can, akwai masu jira a ƙofa.”

“Haba kawu! Ni zan ba ka sadaka?”

Ƙanena ya ce, “Ka ga ƙafar nan? Tun ina rarrafe take haka. Ranar da uwarmu ta ga ba zan yi noma ba ta yi kuka, ta ɗauka a ƙofar masallaci zan ƙare. Ban taɓa zama a can ba. Duk ƙwayar da ta shiga cikina sai da na ɓamɓare mata taya. Ban ce ka yi laifi ba, ɗana. Amma ɗauki kayanka.”

Ɗana ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi bai ɗauki buhun ba, ya tada babur ya tafi. Buhun ya kwana a gaban rumfa, ya yini, ya sake kwana. Awaki suka gano shi suka fara yagar gefe, kaji suka taru. Na tashi zan ja shi ciki, ƙanena ya ce, “Yaya, in ya shiga ɗakin nan ni zan fita.” Na ce abinci ne fa, Allah zai tambaye mu. Ya ce to in nemi mai buƙata. Na kira wata tsohuwa maƙwabciyarsa da ke riƙon marayu ta kwashe, tana ta sa masa albarka, shi kuwa ya juya fuskarsa wajen titi.

Na ce ya dawo gidanmu mu zauna, ga ɗakin mijina babu kowa. Ya ce, “In ci wace shinkafar?” Shinkafar gidanmu kuwa ta gonar ɗana ce.

Abin da dattawa suka kawo bai je ko’ina ba. Ya sayar da injin iska ya ci. Ya sayar da ƙarafan, yaran gidan mai ne ma suka saya. In na dafa na aika masa, sai ya tambayi ɗan aiken daga wane rumbu aka ɗebo, ya mayar. Sai na koma sayar da ƙuli-ƙuli ina auno masa gari da kuɗin hannuna, wannan yakan karɓa, don ni yayarsa ce, amma nawa ƙuli-ƙulin tsohuwa zai kawo? Ya rame, tari ya kama shi, wata rana aka tarar da shi a kwance a ɗaki ya kasa kai hannu ga sandarsa. Aka yi wa ’yarsa waya. Ta zo da mijinta da motar a-kori-kura suka ɗauke shi zuwa Kumbotso. Da yana da ƙarfin magana da bai je ba. Namiji ya tare a gidan surukinsa, kowa ya san nauyin wannan. Amma a kwance aka sa shi a mota, ba wanda ya tambaye shi.

Ɗana shi ya kama kafaɗunsa aka ɗora shi. Da motar ta tashi ya tsaya a gaban rumfar ya daɗe, sannan waya ta yi ƙara a aljihunsa, wani ne taya ta sace masa a cikin gonaki. Ya hau babur ya tafi.

Bayan ƙanena ya samu sauƙi na je duba shi. Surukin mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya gyara masa ɗaki kusa da zaure, da katifa, da fanka, ya saya masa magani. Na tarar da ƙanena a zaune a bakin katifa cikin wankakkiyar riga. Ya tambaye ni ko an sako ruwan rani, na ce an sako. Ya tambayi matar ɗana, na ce tana lafiya. Ya ce, “Shi fa?” Na ce yana nan. Ya gyaɗa kai.

Da na shiga cikin gida gaisawa, ’yarsa ta ja ni gefe ta ce, “Gwaggo, ki yi masa magana. Ba ya cin abinci sai maigidan ya fita. In ya ji an rufe ƙofa sannan zai ɗan taɓa, kamar mai sata. Ranar da maigidan yake gida kuwa sai dai in kwashe kwano yadda na kai.”

Ranar surukin yana gida, ina jiyo muryarsa a tsakar gida yana wasa da yara. Da azahar aka kawo mana tuwon masara da miyar kuka, har da man shanu. Na buɗe, na wanke hannu, na tura kwanon tsakaninmu kamar yadda muke ci muna yara.

Na ce, “Auta, bismillah.”

Ya ce, “Ci abinki, Yaya. Azumi nake.”

Ranar ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba ce. Na dube shi, ya dubi bango. Na mayar da faifai na rufe kwanon, muka zauna.